Gudun Rufin Ɗakin Iya

Na daɗe da yanke hukunci cewa ba a auna wayewar al'umma da tsawon benayenta, ko yawan littattafan da ke kulle a kabad ɗin malamanta. Da abu guda ake auna ta: ko magidanci mai gemu da iyali zai iya tattare riga ya zura da gudu a tsakiyar titi, ido na ganin ido, alhali ba kare a bayansa, ba gobara, ba saniyar da ta ƙwace daga hannun mahauta. Duk garin da ya kai wannan matsayi ya shiga sahun manyan biranen duniya, ko da famfonsa sai ranar Talata yake kawo ruwa. Na faɗi haka a aji, na faɗa a ɗakin malamai, na kuma faɗa a teburin mai shayi, inda aka fi saurarona, don a can ba mai jiran ƙararrawa.

A lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Funtua. Shekarun nan ne kafin a yanke mana jiha daga Kaduna, jirgin ƙasa bai daina zuwa ba, ko da yake ba ya son a san ranar zuwansa. Babban abokina shi ne mai hoton da ke da shago a hanyar tasha. Iyayensa Yarabawa ne, Kiristoci, sun zo daga kudu tun kafin a haife mu, shi kuwa a bayan kasuwar Funtua aka yanke masa cibi. In yana Hausa sai ka rantse kakansa ya yi noma a Maska. In ya juya Yarabanci kuma, mahaifiyarsa takan runtse ido kamar mai ciwon haƙori.

Mahaifiyar tasa ita ce Iya. Ba mu san ta da wani suna ba, ba mu kuma nema ba. Ita ce ungozomar ƙaramin asibitin unguwarmu mai ɗaki uku: na allura, na magani, da na haihuwa. Gajeriya ce, da farar riga da tabarau ɗaure da zare, kuma rabin samarin da ke yawo da babur a garin, a tafin hannunta suka fara kuka. In ta ga ɗayansu yana taƙama a bakin titi ba ta yi masa faɗa. Sai dai ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Kai ne ka zo da ƙafa," ko, "Kai ne ka hana ni cin abincin rana." Nan da nan sai ka ga saurayi ya cire gilashi ya rusuna.

Iskar ƙarshen damina ce ta kawo maganar. Ta ɗaga rufin ɗakin haihuwa ɗungurungum, aka tsinci rabinsa a gonar dawa, ɗaya rabin kuwa har yau bai dawo ba. Ina jin yana kan akurkin wani. Aka aro tamfol wajen wani direban babbar mota aka shimfiɗa. Da rani tamfol rufi ne, ba mai musu. Masu iko suka zo, suka auna, suka rubuta, suka ce muddin ruwa ya sauka ɗakin ba rufi, kulle shi za a yi, mata su riƙa tafiya babban asibiti. Washegari Iya ta shiga kasuwa ta sayo akwatin ƙarfe, ƙato, mai zanen furanni, ta ajiye a barandar gidanta inda duk mai wucewa zai gani. Ta ce ranar da aka sa wa ɗakin kwaɗo, ranar za ta hau mota ta koma garinsu, wanda rabonta da shi ya fi shekara talatin.

"Ticha, in ta tafi dole in bi ta," in ji mai hoto. "Ni kaɗai gare ta. To me zan je in yi a can? Wa na sani? Nan duk fuskar da ta shigo shagona, na ɗauki ta ubanta."

A cikin wata tsohuwar mujalla da aka nannaɗo masa takardun hoto ya ga maganin. Hoton wani birnin Turawa ne, titi cike maƙil da mutane suna gudu, wani ya yi shigar zaki, wani ta kaza, duk don a tara wa wani asibiti kuɗi. Ya kawo mini shafin har makaranta yana haki, sai ka ce daga can ya gudo. Ni kuwa da ma shekara da shekaru ina ɗauke da hukuncina, na rasa inda zan sauke shi. Ina ganin hoton na ji kamar an miƙo mini alli an ce ga gari nan gaba ɗaya, koyar.

Mun so a yi shi yadda yake a littafi: gajeren wando, singileti, kambas. Magidanta suka ce sam. Tela ya ce surukansa a bakin titin nan suke zama, ba zai nuna musu gwiwarsa ba bayan 'ya'ya shida. Maganar shigar dabbobi ma ba ta je ko'ina ba; wanzami ya tambayi wa zai zama kazar, aka rasa mai so. Mai shayi ne ya raba gardama. Ya ce kowa ya zo yadda aka san shi, da tufafin aikinsa, da kayan sana'arsa a hannu, don in ya faɗi a san gidan da za a kai shi. A kan haka aka tsaya. Kowa zai yanki lamba da abin da ya sawwaƙa, a sayi katako da ƙusa. Kafinta ya ce aikinsa sadaka ne. Saura kwano. Kwano kuwa, in mai yawa ake so, hanya ɗaya ce a garin nan.

Alhaji dattijo ne, mai sayen auduga tun muna goye, yana kuma da shagon kwano da siminti daidai tsakiyar hanya tsakanin tasha da asibiti. Dogo ne, fari, ban taɓa ganin ya yi sauri ba ko a magana. In ya fara zance kana iya zuwa ka yi alwala ka dawo bai kai ƙarshe ba. Muka cire takalma, muka durƙusa, aka gaisa, aka sake gaisawa. Sannan na kwararo bayani, har da labarin sojan nan na Girka da ya kawo albishir da gudu ya faɗi matacce.

"Ka ga irinta ko," in ji Alhaji. "To waɗannan naku, wa zai koro su?"

"Ba kowa, Alhaji."

"Ina za su?"

"Asibiti."

"Ba su da lafiya ne?"

"Lafiyarsu ƙalau, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallona, da irin kallon da ake yi wa buhun da nauyinsa bai yi daidai da girmansa ba.

"Malam, wannan a cikin bokon yake, ko naka ne na ƙashin kanka?"

Mai hoto ya ce, "Baba, don ɗakin Iya ne."

Nan fuskarsa ta sake. Jikokinsa duk ta hannun Iya suka biyo. Ya ce kwano ba abin damuwa ba ne, amma shi ma yana da buri. Ya kusa tamanin, ya shiga jirgin sama, ya ga teku a Jidda, amma bai taɓa ganin babban mutum yana gudu haka siddan ba.

"Duk wanda na gani da idona yana gudu, falle guda. Gudu fa, ba sassarfa ba. Kuma ba kora."

Ɗakin falle ashirin da ɗoriya yake so. Waɗanda suka yanki lamba sun haura arba'in. Muka fito ina gaya wa mai hoto har ɗakin allura sai ya samu sabon rufi.

Makonni ukun da suka biyo baya ina tuna su ne kamar labarin da aka ba ni ina zazzaɓi. Bazara ce, zafi ya zauna a kan gari ya miƙe ƙafa. Gidan gurza yana ƙarasa aikin shekara, ɓurɓushin auduga na yawo a iska ba gaggawa, ya sauka a ganyen mangwaro, ya sauka a gashin ido, ya sauka a kofin shayi ka sha da shi ba ka sani ba. Da tsakar rana kwalta kan yi ruwa-ruwa daga nesa, sai ka ga mai keke yana tafe ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. A cikin wannan yanayi na auna hanya da tako, daga tashar jirgi, ta bakin kasuwa, ta gaban shagon Alhaji, har ƙofar asibiti. Na zana kibau da farar ƙasa. Awaki suka lashe biyu.

Magidanta kuma suka shiga koyon gudu a ɓoye, kamar masu shan magani mai kunya. Tela yana zagaye rijiyar gidansa bayan asuba, matarsa na zaune a bakin murhu tana dariya cikin mayafi. Wanzami ya fi son fili, sai ya riƙa fita gonakin hanyar Bakori. Da manoma suka tare shi suna tambayar lafiya, ya ce tunkiyarsa ce ta ɓace. Mutum uku suka ajiye aikinsu suka taya shi nema har hantsi.

Kafinta ya kafa katako ya gama, aka mayar da tamfol a kai. Shamuwa ta iso, ta hau kan tsamiyar bayan makaranta ta tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai duba jarrabawa. Kullum da yamma hadari kan taru a gabas, ya yi baƙi, ya ɗan yi walƙiya can ciki, sannan ya watse kamar ya tuna wani alkawari a wani gari. Kullum kuma Iya na zaune a kan akwatinta, fuska gabas. Wata yamma na tsaya gaishe ta.

"Ticha, an ce kai kake karantar da sama da ƙasa. Yaushe ruwa?"

"Bisa ga littafi, Iya, da sauran kamar mako biyu."

"Littafin ya taɓa jiƙewa?"

Aka sa rana, Asabar bayan la'asar, lokacin da rana ta ɗan sassauta. Da ranar ta zo, Iya ta aiko cewa ba za ta zo kallo ba, tun hantsi aka kawo mata wata mai naƙuda daga ƙauye a amalanke, kuma abin yana jan lokaci.

Har gobe in na rufe ido ina ganin sahun nan na gaban tasha. Tela da tef a wuya da almakashi a aljihu. Wanzami da zabira a kafaɗa. Mai shayi da butarsa a kan ɗan murhun gwangwani, da garwashi a ciki, don ya ce shayin da ya huce ba sana'arsa ba ne. Maƙeri da guduma. Manoma biyu daga Bakori da fartanya. Leburan reluwe da tutocinsa, ja da kore. Wani Inyamuri mai sayar da kayan keke ya rataya taya biyu a wuya. Matan kudu 'yan kasuwa su huɗu a can baya, da tire a ka, sun ce su tafiya za su yi, amma kada wanda ya yi mamaki in sun riga mu. A gaba kuwa akwai wani mafarauci daga Maska, siriri kamar kara, da gora a hannu, wanda aka ce yana kama zomo da ƙafa. Kowa da lambarsa a ƙirji, an maƙala da fil. Ni kuma na aro ƙwallon taswirar duniya daga ofishin hedimasta, na rungume ta a hammata, da usur a baki.

Mai hoto ya kafa kyamararsa a gefen titi. Jama'a sun cika bakin hanya, wasu a kan katanga, wasu a kan mangwaro. Gabas ta fara baƙi, amma mun saba.

Sai ga Alhaji. An sauke shi daga mota, ya tako a hankali da sandarsa da babbar riga fara sol. Tunda ya ce da idonsa yake son gani, sai ya nemi wurin da ya fi kowane kyan kallo, ya tsaya. Tsakiyar titi, kamar taku talatin a gabanmu, yana fuskantarmu.

Na dubi mai hoto, ya dube ni. Wa zai je ya ce wa Alhaji ya matsa? Na ce a raina ai titi da faɗi, a raba a wuce ta gefe da gefe. Na busa usur.

Mafarauci ya fita kamar an harba shi. Na ga ƙafarsa sau uku, huɗu, ban ƙara ganinta ba. Yana isa gaban Alhaji sai jikinsa ya tuna abin da aka koya masa tun kafin ya san zomo: ya ja birki, ya ajiye gora, ya zube.

"Barka da yamma, Alhaji."

Manoman Bakori suka zube a bayansa. Tela ya zube. Maƙeri ya zube, guduma ta bugi kwalta. Sahu bayan sahu, kamar iska ta bi ta kan gero. Ni da na busa usur, ni da na karanta littattafai, na waiwaya na ga kaina a durƙushe da duniya a kan cinya.

Alhaji ya ji daɗi ƙwarai. Ya amsa wa kowa, ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi mafarauci ɗan gidan wa ne a Maska, ya gane kakansa. Ya tambayi manoma ya auduga ta yi bara. Ya tambayi tela ina rigar da ya ce za a gama kafin Sallah. Da aka ƙare, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce tsayuwa ta ishe shi, bari ya je shago ya zauna, can zai fi ganin abin sosai. Ya juya ya kama hanya.

Hanyarmu.

Muka tashi muka bi shi. Ba wanda ya shawarci wani. Dattijo na tafe a gaba, wa zai sha gabansa, da gudu kuma, ya bar masa ƙura da ƙeya? Mai hoto ya tattara kyamara ya biyo mu ta gefe, yana magana ƙasa-ƙasa ta tsakanin haƙora.

"Ku wuce mana! Don Allah ku wuce! Kai sarkin gudu, ina gudun?"

"Bismilla," in ji mafarauci. "Fara wucewa, ina bayanka."

Mai hoto ya ɗaga ƙafa, ya kai daidai kafaɗar Alhaji, ya tsaya. Alhaji ne ya ba mahaifinsa rumfar farko a kasuwa, lokacin da ya sauka daga jirgi da ƙunshi ɗaya. Ya ja da baya ya shiga sahu, ya rataya kyamara a wuya kamar kowa.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Agogona ya ce minti arba'in, amma ban yarda da shi ba. Haske ya koma ruwan ɗorawa. Iska ta ɗauke cak, ɓurɓushin auduga ya tsaya a sarari, bai sauka ba, bai tashi ba, muna ratsa shi kamar masu tafiya a ƙarƙashin ruwa. Ba ka jin komai sai ƙwas ɗin sandar Alhaji da jan takalma arba'in. 'Yan kallo suka fara tafi, suka ga abin bai yi kama da na tafi ba, suka bari. Wata tsohuwa ta leƙo daga zaure ta tambayi wa ya rasu. Mai shayi ya sayar da kofi uku yana tafe. Leburan reluwe, don kada ya zauna ba aiki, ya riƙa ɗaga koriyar tuta a kowace mararraba. Na ga shamuwa uku sun wuce ta kanmu, ƙasa-ƙasa, ba sa ko kaɗa fiffike, na ji a raina cewa in aka bar mu haka za mu wuce asibiti, mu wuce Malumfashi, mu yi ta tafiya a bayan farar rigar nan har mu tsufa mu kamo shi.

A bakin kasuwa na yi ƙarfin hali. Na matsa, na tsaya rabin taku a bayansa, na gyara murya.

"Alhaji, da ma dai ai an riga an..."

"Malam, mene ne wannan ka rungumo?"

"Duniya ce, ranka ya daɗe."

"Iko sai Allah. Ina Makka?"

Na juya ta na nuna masa. Ya shafa wurin da yatsa.

"Ina Funtua?"

"Ba a sa ta ba, Alhaji."

"To," in ji shi, cikin tausayi, "ka mayar musu."

Na koma sahu.

A ƙofar shago an riga an fito da kwano, an jera shi a waje, sabo fil, yana ɗaukar ido. Aka kawo wa Alhaji kujera, ya zauna, ya jingine sanda, ya gyara riga. Ya dube mu duka, da zufa da lambobinmu da kayan sana'armu, fuskarsa cike da godiya.

"Kai, madalla. Na gode da rakiya, Allah ya yi muku albarka. To Malam, yaushe za a fara gudun?"

Na dubi mai hoto. Bai dube ni ba, gabas yake kallo, inda baƙin ya riga ya cinye rabin sama, yau kuma bai da niyyar tuna wani alkawari. Mun ci rabin hanya, ba wanda Alhaji ya gani yana gudu sai mafarauci, shi ma taku talatin. Falle guda ke nan, in an yi mana sassauci. Na ga leɓen abokina yana motsi, na san akwatin ƙarfen nan yake gani, mai zanen furanni, a kan rufin mota.

Sai iska ta dawo gaba ɗaya, da sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasar wani gari. Hular tela ta tashi. Wani abu ya faɗo a kan kwanon da ke sama, tas. Wani ya biyo. Sannan sama ta ɓalle.

Mai shayi ne ya fara, kuma ba don Iya ba, don garwashinsa. Ya fizgi falle guda ya kifa a ka. Mafarauci ya shige ƙarƙashi ya kama ɗaya bakin. Ganin haka kowa ya kai hannu, biyu-biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A cikin wannan ruɗani muryar mai hoto ta tashi, wata irin murya da ban san yana da ita ba.

"Tamfol! Jama'a, Iya na ƙarƙashin tamfol!"

Ba wanda ya yi wa Alhaji sallama.

Na yi gudu a rayuwata kafin nan, na yi bayan nan, amma wannan dabam ne. Ni da maƙeri muka haɗa falle, shi a gaba, ni a baya, hannu ɗaya a kwano, ɗaya rungume da duniya. Ruwa na dukan kwano ashirin da wani abu a lokaci guda, ƙarar ta cika kunne har ta koma kamar shiru. Ba na ganin komai sai dugadugan maƙeri da ruwan da ke tsalle daga kwalta. In walƙiya ta haska, sai in hango titi gaba ɗaya ya zama kogin azurfa yana gangarawa, da ƙafafu a ƙarƙashinsa. Kibauna na farar ƙasa suka narke suka bi mu. Wanzami, wanda tunkiyarsa ta ɓace, ya wuce mu kamar ya hango ta. Matan kudu sun kifa tire a ka, sun tattare zane, kuma kamar yadda suka yi gargaɗi, biyu daga cikinsu sun riga ni.

Muka tarar tamfol ya yi ciki, ya tara ruwa, gefe ɗaya ya riga ya zame. Ɗakin haihuwa ne, da mace a ciki, ba namijin da zai taka ko bakin ƙofa. Kafinta ya jingina tsani ta baya, aka hau, aka riƙa miƙa kwano hannu da hannu, ana turawa a kan katako ana janye tamfol kaɗan-kaɗan. Iska na neman ɗauke kowane falle, ƙusa kuma ba ta shiga da sauri, sai aka rasa abin dannewa in ba mutane ba. Haka magidantan Funtua suka kwanta rigingine a kan rufi, kowa ya baje hannuwa ya danne nasa, fuska sama don kunya, ruwa na zuba musu a baki. Kafinta da maƙeri na bi tsakaninsu da guduma.

Daga ƙasa muryar Iya ta taso, ta fi ruwan ƙarfi.

"Duk wanda ya leƙo, ni na karɓe shi ranar da ya zo, kuma ban manta abin da na gani ba!"

Ba wanda ya leƙa. Ina kwance tsakanin tela da leburan reluwe, ina kallon sama tana saukowa, na ji sanyin kwano a bayana yana rawa da kowane bugun guduma. Can, gab da magariba, ruwa ya fara tsagaitawa, sai muka ji wani ɗan siririn kuka daga ƙarƙashinmu, mai cike da fushi. Tela ya ce, "Alhamdu lillahi," ruwa ya shige masa hanci.

"Mace ce," in ji Iya. "Ku sauka mini daga kan ɗaki."

Ƙwallon hedimasta ba ta tsira ba. Takardar da aka manna mata ta jiƙe ta saɓule, Turai ta zamo ta rufe Sahara, na sha bayani ranar Litinin.

Washegarin gudun da hantsi Alhaji ya zo a mota ya ga rufin. Ya zagaya shi a hankali, ya ƙwanƙwasa bango da sanda. Mai hoto na biye da shi, rabin taku a baya.

"Na ga gudu," in ji Alhaji. "Wallahi na gani. Har wanzami. Amma Malam, ni da kai mun yi magana. Na ce ba kora."

Na buɗe baki zan kawo bambancin da masana suka yi tsakanin dalili da sababi. Iya ta fito daga ɗaki tana goge hannu, ta dube shi ta saman tabarau.

"Alhaji, a cire ne?"

Ya dubi rufin, ya dube ta. Ya ce ina amfanin kwanon da aka riga aka huda. Ya tambayi lafiyar mai jego, ya shiga mota.

Ba a kulle ɗakin ba. Akwatin ƙarfe ya bar baranda ya koma ɗakin haihuwa, aka riƙa ajiye auduga da bandeji a ciki. Iya ta ci gaba da karɓar mutanen Funtua ɗaya bayan ɗaya har ƙarfinta ya ƙare, a nan kuma aka binne ta, a maƙabartar bayan coci. Abokina bai je ko'ina ba. Da ruwa ya sauko ya cusa kyamara cikin riga, saboda haka hoton ranar guda ɗaya ne tak, yana nan a bangon shagonsa: mutum arba'in da 'yan kai, da lambobi a ƙirji, a durƙushe.

Na ci gaba da koyar da hukuncina har na yi ritaya, kuma duk shekara nakan kawo Funtua a matsayin misali. Ɗalibai su rubuta, in duba, in ba su maki. Sau ɗaya ne wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu, ta ce ita aka haifa a ranar, kuma ba haka babarta ta gaya mata ba.

Ruwa ne ya koro mu.